Mutumin da Ya Yi Hunturu a Gidan Mummu

Tun ranar da na sauka gidanta a watan Nuwamba kakata ba ta gane ni ba. Aili ne sunanta, amma duk dangi Mummu muke ce mata. Anti Marlene, yayar mahaifiyata, ita ta ɗauko ni daga tasha, ta shigar da mu ta ƙofar gareji ta baya saboda iskar da ke tasowa daga tafki. Muka iske tsohuwar a kicin tana yanka burodi. Ta ɗago ta dube ni, da gemuna da ramata, sannan ta tambayi Anti Marlene ko wannan ne mutumin da aka samo. Ta tambaye ni ko na iya faskare, na ce na iya. Daga nan na zama mutumin.

Ban yi mamakin da aka tuna da ni ba. A danginmu ni kaɗai ne ba ni da abin da zan bari in zo. Na ajiye makaranta tun kafin in kai ajin ƙarshe na sakandare, na yi wankin kwanoni a Duluth, na yi facin taya a Green Bay, na bi masu rufin gidaje har Dakota. Duk inda na yi 'yan watanni sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Kakana, Pappa Eino, ya rasu a watan Agusta, labari bai same ni ba sai bayan an binne shi. Mummu kuwa kanta ya fara zubar da abubuwa, ba ta iya zama ita kaɗai. Gidan kula da tsofaffi na cikin gari sun ce sai tsakiyar Mayu za a sami gado. Anti Marlene ta ce in riƙe mata tsohuwa zuwa lokacin, kada in bari wuta ta mutu, kada kuma in gudu.

Ni abu ɗaya nake so kafin a tafi da ita, ta dube ni ta ce Arvo.

Sunan kam yana bakinta kullum. Ina zuba itace a murhu tana ba ni labarin jikanta Arvo, yaro mai rawar ƙafa, wanda ke zuwa hutu duk lokacin zafi. Ta ce mota ke sauke shi a bakin titi wajen akwatin wasiƙu, ya hauro hanyar tsakuwa yana jan wata koriyar jakar soja da ta fi shi girma. Ta ce ita ba ta duba kalanda. Ranar da ta ga kanarin daji ya yi rawaya tas, ta san yaron ya kusa, sai ta kwaɓa nisu, burodinta mai zaƙi. Ina jin wannan, jakar tana ƙarƙashin doguwar kujerar falo inda nake kwana, domin ta hana ni ɗakin sama. Ta ce na jikanta ne, ba a taɓa masa kaya.

Sau ɗaya na gwada. Na durƙusa gabanta na ce Mummu, ni ne fa. Ta janye hannunta, ta shige ɗaki ta tura kujera a bayan ƙofa, har yamma ina jin kukanta. Anti Marlene ta ce a waya in na sake, ita da kanta za ta mayar da ni tasha. Na aske gemu ko zai yi amfani. Mummu ta daɗe tana kallona, sannan ta ce na yi kama da wani da ya mutu. Tun daga nan Misis Niemi nake ce mata, kamar yadda baƙo zai ce.

Rigar sanyina ba ta ƙasar ƙanƙara ba ce, saboda haka na riƙa sa ta Pappa, wata ja mai ratsin baƙi da ke rataye a bayan ƙofa. Wani lokaci ina dawowa da itace sai in hango inuwata a gilashin taga in tsaya cak. Akwai ranakun da babu wanda ke kiran sunana daga safe har dare sai a cikin labarin wani yaro da ba ya nan, har na fara jin kamar shi ne na gaske, ni kuwa wani abu ne da ke kai-komo a gidan.

Gaban tagar kicin akwai dogon ƙarfe da Pappa ya kafa, mai ƙugiya a sama. Da ƙanƙara ta zauna sosai, maƙwabcinmu Gordy Lahti ya zo a kan babur ɗinsa na ƙanƙara. Tsohon direban motar gungume ne, bakinsa ba ya shiru. Ya ciro wata doguwar safar raga daga aljihun tebur ɗin Pappa, ya nuna mini garwar baƙar tsaba siririya kamar riɗi, ya ce yanzu beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai barcin hunturu, ta shiga rami, lokacin rataya ya yi. Da zarar ƙanƙara ta fara narkewa kuma a sauke. Haka kowa ke yi a kan wannan titi tun kafin a haife ni.

Na cika safar na rataya. Ba a daɗe ba wasu ƙananan tsuntsaye suka fara zuwa, ruwan ƙasa-ƙasa, marasa kyan gani. Sai su lilliƙe a jikin ragar, wasu kai ƙasa, suna zaro tsaba. Wata rana su zo garke guda, wata rana ko ɗaya, sai su ɓace kwana da kwanaki su sake dawowa kamar ba su yi komai ba. Mummu kan zauna da kofinta tana kallonsu. Ta ce waɗannan ba namu ba ne, 'yan cin arziki ne, a bar su su ci tunda Eino ba ya son rowa.

A cikin Fabrairu na tambayi Gordy yaushe kanarin daji ke dawowa daga kudu. Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Sarkin yawo, ka zaga duniya ba ka san abin da ke ƙofar gidanku ba? Ga su nan kana ciyar da su tun Disamba."

"Waɗannan? Ai kanari rawaya ne."

"Kai ma da ka zo ai da gemu ka zo. Riga suke sauyawa. Kai ɗan hutu ne, a cikin zafi kaɗai ka san su, suna lilo a kan ƙayar gona. Jira Afrilu ka gani."

Na tambaye shi ko Mummu ta san haka. Ya daina dariya. Ya ce ita ta koya masa, shekarar da ya tare a titin.

Daga ranar na riƙa kallon tsuntsayen nan kamar mai jiran tukunya. A ƙarshen Maris na ga wani da ɗigon rawaya a wuya. Sai wani a kafaɗa. Kafin wani lokaci mazan duk sun zama dabbare-dabbare, kamar wanda fenti ya fantsamar wa. Na nuna wa Mummu. Ta gyara tabarau ta ce waɗannan ƙazuwa ce ta kama su. Nata kanarin rawaya ne tas, da baƙar hula a goshi.

Matsalar ita ce ƙanƙara ta fara sakin jiki, rufin gida yana ɗiga dare da rana. Gordy ya sauke nasa mazuban tsaba, haka ma sauran gidajen titin. Ya zo ya tsaya a gindin ƙarfen Pappa yana kallon safata, hannu a aljihu. Ya ce akwai wata tsohuwar beyar mai yagaggen kunne da ke kwana a fadamar bayan gidajenmu, Pappa ya san ta tun tana 'yar ƙarama, kuma duk shekara takan fito da yunwar wata da watanni. Ya ce beyar da ta koyi cin abinci a ƙofar gida ba ta mantawa, kuma ƙarshenta harsashi ne. Na ce masa in na sauke yanzu tsuntsayen za su watse cikin daji, su gama yin rawaya inda ba ta gani. Na ce 'yan kwanaki kawai nake nema.

"Kwanakin naka ne ko na beyar?" in ji shi. Amma bai taɓa safar ba.

Sai na yi dabara. Da yamma in sauke safar in kai ta gareji, da safe in mayar. Na yi haka kusan mako biyu ba abin da ya faru, ina ganin na fi kowa wayo.

Wata safiya na fito kicin ina miƙa, sai na hango safar a rataye, tana kaɗawa, cike taf. Na san na shigar da ita jiya, domin har tsaba ta zube mini a ƙasan gareji na share. Mummu tana zaune a wurinta da kofi, ƙafafunta cikin silifas busassu. Na tambaye ta wa ya rataya. Ta ce Eino mana, shi da ba ya barcin safe. Na leƙa bayan ƙofa, takalman Pappa na roba suna nan inda suke tun Nuwamba, sai dai akwai ɗan ruwa a ƙarƙashinsu. Na ce wa kaina ita ce ta sa su ta fita. Amma ƙugiyar nan ni ma sai na yi ɗage nake kai mata, Mummu kuwa iyakarta kafaɗata, kuma hannunta na dama ba ya wuce kunnenta. Na zagaya ƙarfen ina neman alamar kujera ko bokiti a cikin taɓo, ban ga komai ba sai sawun takalma, zuwa da komawa.

Na ɓoye safar a cikin injin wanki. Washegari tana rataye. Na sa ta a jakata ƙarƙashin kujerar da nake kwana, ranar kam ba ta fita ba, amma Mummu ta ƙi karyawa, ta zauna tana kallon ƙugiya babu komai, ta ce an hana Eino aikinsa. Sai na haƙura na koma ajiye ta a gareji. Ban san ƙarfe nawa ake rataye ta ba, ban kuma tashi na duba ba. Gaskiya ban so in gani ba.

Beyar ta zo wata ranar Talata, gari ya gama wayewa. Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni. Ta taga na gan ta, baƙa, fatarta tana reto a jikinta saboda rama, kunne ɗaya a yage. Ta lanƙwashe ƙarfen Pappa har ƙasa kamar karan dawa, ta zauna ta riƙe safar da hannu biyu tana lasa. Ƙofar gaba a buɗe take. Mummu tana tsaye a baranda cikin rigar barci, tsakaninsu bai fi tsawon mota ba, tana yi mata magana a hankali da yaren iyayenta, wanda ni ba na ji. Na kamo Mummu ta baya na jawo ta ciki, na ɗauki murfin tukunya biyu na fita ina bugawa. Beyar ta dube ni ba tare da gaggawa ba, ta gama abin da take yi, sannan ta nufi fadama.

Gordy ya ji ƙarar ya zo. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni, bai yi ba'a ba, kuma rashin ba'ar ya fi mini ciwo. Ya ce dole ya gaya wa Marlene. Ita kuwa ta yi ta magana a waya har kunnena ya yi zafi. Ta ce ta ba ni amanar tsohuwa na mayar da ita abincin dabba. Ta ce ba za ta jira Mayu ba, ranar Asabar da rana za ta zo ta ɗauke ta, ta zauna a wurinta har gado ya samu.

Da yamma Gordy ya dawo da sabuwar safa a aljihu. Ya jefa mini ita a cinya ya ce akwai igiyar shanyar Pappa, wadda ta tashi daga tagar ɗakin sama zuwa bishiyar nan mai farin ɓawo, mai 'yar taya da ake ja. Tsakiyarta ta fi ƙarfin beyar, daga ƙasa ko daga bishiya.

"Zuwa Asabar, yaro. In beyar ta dawo kafin nan ni zan yanke igiyar, kai ma in na same ka kusa in haɗa da kai."

Na jira Mummu ta yi barcin rana na hau sama. Ɗakin yana nan yadda na san shi, gado a gyare, bargo mai hoton jiragen ruwa, 'yan duwatsun da na tsinto a bakin tafki jere a kan taga. Babu ƙura ko kaɗan. Na shiga a kan yatsun ƙafa kamar ɓarawo, na ɗaura safar na ja ta zuwa tsakiya, daidai inda za a gan ta daga kicin.

Laraba babu tsuntsu ko ɗaya. Alhamis tsuntsaye mata biyu masu ruwan ƙasa. Jumma'a aka wuni ana ruwa haɗe da ƙanƙara. Na haɗa wa Mummu kayanta a akwati a ɓoye, tana ba ni labarin yadda Arvo ya taɓa cinye mata kwanon jam na shafa wa burodi guda ya ce kare ne, alhali ba su da kare.

Asabar da hantsi rana ta fito. Na zuba kofi na zauna a tebur, ban ma kalli taga ba, sai na ji kofin Mummu ya sauka a kan faranti. A jikin safar akwai namiji ɗaya, rawaya tas, ko ɗigo babu, fukafukai baƙaƙe, da hularsa a goshi. Cikin wannan fili na taɓo da ruɓaɓɓen ganye sai ka ce fitila aka kunna.

Mummu ta dube shi, ta juyo ta dube ni.

"Malam, tashi ka share matakala," in ji ta. "Yaron yana hanya."

Ta ɗaura zanen girkinta, ta ciro nisu daga firji ta sa a tanda, hannunta bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ta taje gashinta. Sannan ta ɗauki mayafi ta fita baranda ta zauna a kujerar da ke fuskantar titi. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallon ƙeyarta. Abin da na yi hunturu guda ina jira ke nan, na sa beyar a bakin bindiga saboda shi, ga shi ya zo, kuma titi take kallo.

Na bi idonta da kallo har zuwa akwatin wasiƙu. Sai na tuna ta inda na shigo gidan nan a Nuwamba, ta gareji, ba ta wannan hanya ba.

Na jingine tsintsiya, na jawo jakata daga ƙarƙashin kujera, na fita ta gareji. Na bi bayan ɗakin wankan tururi na shiga cikin itatuwa, taɓo yana kama ni har idon sawu, na tsallake sawun beyar ɗanye shar ban tsaya ba. Na ɓulla bakin titi. Na tuɓe rigar Pappa na rataye ta a kan akwatin wasiƙu, sanyi ya ratsa ni nan take. Na kama igiyar jakar na fara haurowa ina jan ta a kan tsakuwa, tana ƙara yadda take yi da.

Ban kai rabin hanya ba ta miƙe. Ta kare rana da tafin hannu.

"Arvo," in ji ta, ba da ƙarfi ba. "Ɗaga jakar nan, za ka huda ta."

Na ɗaga. Da na iso matakala ta kama fuskata da hannu biyu, ta ce na yi tsawo ba nama, uwata ba ta ba ni abinci ne? Ta ce ina rigar sanyina, ko kuma na sake mantawa da ita a mota? Na ce na manta, Mummu. Ta ce ɗan banza, kai ba ka canzawa. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Akwai wani mutum a ciki," in ji ta, ta rage murya. "Shi ya yi mana hunturu. Bawan Allah ne, ba shi da kowa, ko sunansa ban taɓa ji an kira ba. Shiga ka gaishe shi."

Na shiga. Kicin yana ƙamshin nisu. Kujera a janye, kofi a kan tebur yana ta hayaƙi, tsintsiya jingine a bango. Na daɗe tsaye, kuma ban san dalilin da ya sa na leƙa falo ba.

"Ka same shi?"

"Ya tafi, Mummu."

Ta ce in yanka masa nisu in ajiye a leda, irinsu sukan dawo in sanyi ya shigo.

Muka ci burodi a baranda, tana kiran sunana a kan komai, miƙo man shanu, daina kaɗa ƙafa. Da motar Anti Marlene ta shigo, ta fito fuskarta fara fat. Ta ce daga kwana ta hango Pappa tsaye a bakin titi, saura kaɗan ta faɗa rami, sai da ta matso ta ga riga ce. Ta fara tambayar wane mahaukaci ne ya rataye ta a can, sai ta ji Mummu ta ce Arvo, ɗauko wa antinka kujera. Ta dube ni, ta dubi jakar da taɓon ƙafata, ba ta ƙarasa tambayar ba.

Ni na raka Mummu mota. Ta ce in jira ta, asibiti kawai za su je su dawo, kada in fita yawo. Na ce to.

Bayan sun tafi na hau sama na jawo igiyar na kwance safar, tsuntsayen suka watse kan bishiya suna 'yan kukansu. Na rufe garwar tsaba na ɗora mata dutse. Sannan na gangara bakin titi na ɗauko rigar Pappa, na mayar da ita bayan ƙofa, saman takalmansa. A daren farko ban iya kwana a ɗakin sama ba, a kujerar falo na kwana.